Wa Zai Ɗauko Mara Lafiya Daga Gungu?

Babu gwamnan da ba ya son sayen motocin asibiti. Suna da kyau a hoto: a jera su farare fes a harabar gidan gwamnati, a yanka kyalle, a kunna jiniya, 'yan jarida su ɗauka. Ban ƙi ba, kuma na san rayukan da irin waɗannan motoci suka ceta. Sai dai mota iyakarta bakin ruwa. Mutumin da ke zaune a gungu a tsakiyar kogin Neja, ko a wata tunga da ruwan tafkin Kainji ya kewaye, in an ce masa an sayo wa ƙaramar hukumarsa sabuwar mota mai jiniya, zai ce madalla, amma ya san tsakaninsa da ita akwai ruwa, kuma ruwan nan babu wanda ya ɗauki nauyin ƙetarar da shi.

Na yi aikin lafiya shekaru a wani ƙaramin asibiti a gaɓar wannan tafki, inda mutanen gungaye ke kawo mana marasa lafiyarsu. Abin da zan faɗa ra'ayina ne, kuma ga shi a taƙaice: masu ceto muna da su tun tuni, su ne sarkawa da matuƙan jirage. Abin da ya rage shi ne gwamnati ta san da zamansu, ta koya musu abin da ba su sani ba, ta zuba musu mai, ta biya su, sannan ta haɗa su da asibitin da ke tudu. Duk wani shiri da ya tsallake waɗannan mutane ya tafi sayen ƙarfe, kuɗi ne za a zubar a ruwa.

A tuna ranar Laraba 26 ga Mayun 2021. Jirgin da ya taso daga ɓangaren Jihar Neja zai je Warra, hedikwatar Ngaski a Jihar Kebbi, ya tsage a tsakiyar ruwa da mutum fiye da 150 a ciki. Waɗanda aka fitar da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Wa ya fitar da su? Masuntan da ke kusa da wurin, da kwalekwalensu. Wa ya kwashe kwanaki yana nutso yana ciro gawarwaki? Su ɗin ne dai. Haka aka yi a Patigi a Yunin 2023, lokacin da sama da mutum 100 suka rasu a hanyarsu ta dawowa daga biki, haka kuma a Gbajibo ta ƙaramar hukumar Mokwa a farkon Oktoban 2024, da 'yan Mauludi. Jami'ai sukan zo, amma kafin labari ya kai ofis, a nemo mota, a nemo direba, a iso bakin ruwa, aikin ceto ya ƙare, sai ƙirga da jaje. Ihu ne bayan hari.

Wannan ba don jami'an mugaye ne ba. Ruwa ne ba ya jira. Wanda ya nutse, ƙwaƙwalwarsa takan fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida in ba ta samu iska ba. Babu wata hukuma a duniya, komai kuɗinta, da za ta taso daga babban birnin jiha ta riski mutum a cikin wannan lokaci. Wanda zai cece shi dole ya kasance yana nan kusa tun kafin abin ya faru. A tafkin Kainji kuwa mun san ko wane ne wannan.

Amma haɗarin jirgi, duk da shi ne ke shiga rediyo, ba shi ne ke cin mutanen gungu kullum ba. Wanda ke cin su shiru, ɗaya bayan ɗaya, shi ne ciwon dare. Mace ta haihu jini ya ɓalle. Mai ciki ta kama jijjiga. Yaro ya yi ta amai da gudawa har idonsa ya faɗa. Maciji ya sari manomin albasa a fadama da magariba. Dorina ta kife kwalekwale ta karya wa mutum cinya. Waɗannan ba sa shiga labarai, domin ba a mutuwa ɗari a tare, kuma ba wanda ke zuwa jaje daga Abuja.

Bari in ba da labarin dare ɗaya, don wanda bai taɓa gani ba ya ga yadda abin yake.

Da damina ne, bayan isha'i da nisa. Wayata ta yi ƙara, muryar wani saurayi tana yankewa, ashe bisa wani tudu ya hau a bayan gari inda kaɗai ake samun sabis. Matar wansa ta haihu, mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini kuma bai tsaya ba. Aka miƙa wa ungozoma wayar. Tsohuwa ce da na sani, ba ta da gaggawar tsorata. Ta ce, “Likita, zane na uku ke nan na canza. Wannan ya fi ƙarfina.” (Kowa a can likita yake ce mini, ko da yake ni jami'in lafiya ne kawai.) Na gaya mata ta riƙa murza marar da ƙarfi, ta sa jaririn a nono, su kuma maza su taso da ita yanzu-yanzu.

Sauran labarin daga bakinsu na ji shi. Mijin ya ruga gidan mai jirgin inji, wanda kawunsa ne. Dattijon ya fito da tocila, bai ko tambayi kuɗi ba, ya ce, “Ɗana, ga jirgi, ga ni, amma tanki a bushe yake. Jiya na dawo daga kasuwa da ɗigon ƙarshe.” Sai aka bazama gida-gida ana tada masunta. Wannan ya tsiyayo lita biyu daga tankinsa da tiyo, wancan ya kawo ragowar da ke cikin galan, wani ya ce nasa na fita su ne da asuba amma a ɗauka. Sai kuma aka tuna injin ba ya tafiya sai an gauraya man da baƙin mai, aka sake komawa nema. Kafin a ɗauko matar a kan tabarma, maza huɗu riƙe da kusurwoyi, a shimfiɗa ta a cikin jirgin da ke warin kifi, an ci fiye da awa guda. Tafiyar kuma ba ta gudu ba ce. Wani yaro ya kwanta a goshin jirgin da tocila yana leƙen kututture, yana cewa dama, hagu, rage. Ungozoma na zaune a ruwan da ya taru a ƙasan jirgi, hannunta bai bar marar ba har suka iso.

Ni ina bakin ruwa da fitila da ledar ƙarin ruwa. A nan cikin jirgin na nemi jijiya, da ƙyar na samu, hannun ya yi sanyi. Na yi mata allurar tsayar da jini, amma cire mabiyiyar da ƙarin jini sai babban asibiti. Ga mu a tudu, ba mota. Aka tura ɗan acaba ya taso wani direban haya daga barci. A asibitin aka ce a kawo masu ba da jini, Allah ya sa ƙannen mijin sun biyo mu. Ta rayu. Bayan suna mijin ya sayar da tarunsa ya biya bashin daren.

Duk wanda aka taɓa a wannan dare ya yi abin da ya dace, wasu ma sun yi fiye da haka. Amma ku duba inda lokaci ya tafi. Ba a tsakiyar ruwa ya tafi ba, a neman mai ya tafi, da neman mota. Masana haihuwa sun daɗe suna faɗa cewa zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace mai cikakkiyar lafiya cikin awa biyu. Rabin wannan lokaci an cinye shi a kan abin da jarka ɗaya ta fetur, ajiye a ɗakin sarkin ruwa, da ta kawar. Da daren kasuwa ne, jirgin yana can ƙetare, ko da iska ta taso, da wani labarin nake ba ku.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 abin ya ƙara tsanani. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 nan take, daga baya ta taɓa 1,000, kuma a bakin ruwa, hannun 'yan bumburutu, kullum ta fi ta gidan mai tsada. Injin mai ƙarfin doki 40, irin wanda aka fi amfani da shi a manyan jiragen katako, yakan sha lita 15 ko fiye a awa guda in an buɗe masa wuta. Masunci ba ya iya ajiye mai don ko-ta-kwana yanzu. Abin da zai ƙona gobe kaɗai yake saye yau.

Akwai mai cewa, to wa ya aike su zama a tsakiyar ruwa? Na sha jin wannan daga bakin mutanen da ya kamata su fi haka sani. Gungawa suna kan waɗannan tsibirai tun kafin a zana taswirar Nijeriya, har sarakunan Yauri sun taɓa zama a gungu kafin a koma Yelwa. Ruwan ne ya same su, ba su suka same shi ba. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tafkin da ya taru ya kai tsawon kilomita sama da 130, ya haɗiye tsohuwar Bussa da gonaki da mafi yawan tsibirin Foge, aka tashi mutum kimanin 44,000 daga garuruwansu. Kogin da ake ƙetarewa da filafili ya zama ruwa mai faɗi, mai igiya in iska ta kaɗa. Kututturan da ke fasa jirage a yau, itatuwan da ruwa ya shanye a tsaye ne a wancan lokaci, kuma duk sa'ad da tafkin ya ja baya sai su matso kusa da saman ruwa, su laɓe. An yi wannan duka ne don a samar da megawat 760 na wutar da ke haska Legas da Kaduna, har da Yamai. Da yawa daga cikin gungayen nan har gobe da tocila suke kwana. Don haka in mutumin gungu ya nemi jirgin da zai kai matarsa asibiti, ba sadaka yake roƙo ba. Yana bin ƙasar nan bashi.

Kuma ba a rasa hukumomi ba. Akwai NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda aka kafa a 1997, tana da ofishi a Yauri. Akwai NEMA, hukumar agajin gaggawa, da takwarorinta na jihohi. Akwai HYPPADEC, wadda aka ƙirƙira musamman don yankunan da madatsun wutar lantarki suka shafa, hedikwatarta na Minna, kuma ta raba rigunan ruwa ta yi aikin cire kututture, a yaba mata. Tun 2023 ma akwai ma'aikata sukutum ta harkokin ruwa a Abuja. A ɓangaren lafiya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don asusun kula da lafiya a matakin farko, kashi 5 na asusun na maganin gaggawa ne, wani kashi 15 kuma na gine-gine da kayan aiki da sufuri ne a ƙananan asibitoci. Sashe na 20 na dokar ya hana kowane asibiti korar mai buƙatar taimakon gaggawa. A 2022 aka ƙaddamar da NEMSAS, shirin ƙasa na motocin gaggawa, wanda ke ɗaukar nauyin maganin awa 48 na farko. Ga lambar kiran gaggawa ta 112. A takarda ba abin da ya ɓace. Amma ka tsaya a gungu da tsakar dare ka tambayi kanka: a cikin waɗannan duka, wa zan kira ya zo? Mai ruwa ba ya da asibiti, mai asibiti ba ya da jirgi, kuma gaɓa ɗaya Kebbi ce, ɗayar Neja.

Rabon rigunan ruwa abu ne mai kyau, ina goyon bayansa, kuma matuƙin da ya ƙi sa wa fasinjansa a hukunta shi. Sai dai rigar ruwa ba ta tsayar da jinin mai jego, ba ta kuma tsamo kowa. Tana sa mutum ya daɗe a saman ruwa ne har mai ceto ya zo. In babu mai zuwa fa?

Ga abin da nake ganin ya kamata. A kowane gungu mai jama'a, sarkin ruwa da mai gari su zaɓi matuƙa biyu ko uku da aka yarda da su, a rubuta sunayensu da lambobinsu a asibitin da ke tudu, su riƙa karɓa-karɓa, ta yadda babu daren da gari zai kwana ba jirgi mai inji a bakin ruwa. A ajiye jarkar mai da aka riga aka gauraya, a kulle, makulli ɗaya hannun sarkin ruwa, ɗaya hannun ungozoma. Na ce ungozoma da gangan, domin ita ce ke fara sanin an shiga haɗari, kuma na lura mata ba sa yarda a taɓa irin wannan ajiya don zuwa kasuwa. Jirgin ya samu fitila mai ƙarfi, katifa mai leda, rumfa, da alamar da jami'an tsaro suka sani, saboda a halin da ake ciki na 'yan bindiga, jirgin da ke tafiya da dare ba shaida yana iya gamuwa da harsashi daga kowane ɓangare. A ɗaya gaɓar kuma, waya ɗaya ta tada mota ko Keke Napep da ma'aikacin lafiya, su jira a mashigi kafin jirgi ya iso.

Kada a ce wannan sabon abu ne. A nan Jihar Kebbi, cikin shekarun 1990, masu bincike daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo suka gwada shi a tudu tare da ƙungiyar direbobi ta NURTW: aka wayar da kan direbobi a kan matsalolin haihuwa, aka kafa asusun mai na gaggawa. Daga baya irin wannan tsari ya bazu zuwa Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara da wasu jihohi, direbobin haya suka kai mata masu yawa asibiti. Darasin da ke cikin gwajin farko shi ne asusun man ya riƙa zurarewa saboda waɗanda aka taimaka ba duka ke iya biya ba. Shi ya sa nake cewa kada a ɗora wa talakan gungu cika jarkar. Asusun da doka ta riga ta tanada ya cika ta. Matuƙi ya kawo mara lafiya, ma'aikacin asibiti ya sa hannu a takarda, a mayar masa da mansa a ƙara masa ladan dare, cikin mako, ba sai ya yi ta sintiri a sakatariya ba.

Na fi son wannan a kan sayen jirgin gwamnati na miliyoyi. Na ga irin waɗannan jirage. Ana kawo su da biki, da inji mai tsada wanda bakaniken bakin ruwa bai taɓa buɗe irinsa ba. Wata shida, wani abu ya lalace, a ce sai an aika Legas. Ko a rasa wanda zai sa hannu a fitar da kuɗin mai. Ko wani babba ya mayar da shi na zuwa gaisuwa. Daga nan sai ka gan shi a kife a bayan ofis, awaki na kwana a inuwarsa. Jirgin katakon mai gari kuwa kullum yana aiki, saboda da shi mai shi ke ci, kuma shi ya san inda kowane kututture yake. In har za a sayi jiragen gaggawa na musamman, a sayi kaɗan, a ajiye su a manyan mashigai irin su Yelwa da Warra da Rofiya da Malale, da injin da aka saba da shi, da ma'aikata masu albashi da ke kwana a wurin.

Sai horo. Sarkawanmu babu wanda zai koya musu ruwa. Amma abin da ake yi wa mutum bayan an fitar da shi, nan akwai gyara. Na sha ganin an tsamo yaro an riƙe shi ta ƙafa kansa ƙasa, ko ana danna masa ciki wai ruwa ya fito. Wannan ɓata lokaci ne, yana ma iya sa amai ya koma huhu. In ba ya numfashi, abin da yake buƙata shi ne a kwantar da shi rigingine, a buɗe masa hanyar iska, a hura masa numfashi, a riƙa danna ƙirji 30 ana hurawa 2. Wannan ana koyonsa a yini biyu, ba ya buƙatar boko. Haka kuma wanda maciji ya sara: a daina tsaga wurin da reza da ɗaure ƙafa tamau, a hana shi motsi, a garzaya da shi inda allurar dafi take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma koya wa mutanen da ke kusa ceto da farfaɗowa yana cikin abubuwan da take ba da shawara a kai.

Ga ungozoma da ma'aikacin lafiyar ƙauye kuma, akwai kayan da ke saya wa mace lokaci har ta ƙetare. Ƙwayar misoprostol ba ta buƙatar firij, saɓanin allurar oxytocin da zafi ke kashe wa ƙarfi, don haka ita ta dace da garin da ba wuta. Akwai rigar matsewa da ake naɗe mai zubar jini da ita daga ƙafa zuwa ciki, wadda aka gwada a asibitocin Nijeriya tun shekarun 2000. Akwai allurar tranexamic acid, wadda babban bincike na 2017 ya nuna tana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku in an yi ta cikin awa uku da haihuwa. Aikin da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta yi tare da abokan bincikenta, wanda aka wallafa a 2023, ya nuna cewa auna jinin da leda mai ma'auni da haɗa magungunan a lokaci guda yana rage mummunar zubar jini da kashi 60 cikin 100. A asibitoci aka yi wannan binciken, amma abin da ya koyar ya shafi gungu kai tsaye: a gane da wuri. Ungozomar da ke ƙirga zannuwa tana ƙoƙarin yin abin da ledar ke yi ne, da abin da take da shi.

Wani zai ce ƙananan garuruwa ne, ba za a iya yi wa kowanne ba. A dubi tsibiran Scilly da ke kimanin kilomita 45 daga gaɓar kudu maso yammacin Ingila. Mutanen wurin duka-duka ba su fi 2,000 da 'yan kai ba, a tsibirai biyar, amma suna da jirgin asibiti mai suna Star of Life da ke ɗauko marasa lafiya zuwa babban tsibirin, kuma a ƙananan tsibiran mazauna wurin ne aka horar su fara kai ɗauki. Ƙungiyar ceto ta RNLI, wadda wani mazaunin tsibirin Man ya assasa a 1824, tana da tashoshi sama da 230 a Birtaniya da Ayaland, kuma mafi yawan ma'aikatan jiragenta 'yan sa-kai ne, masunta da masu shago da malaman makaranta. Ba kuɗinsu nake so mu kwaikwaya ba, ba mu da shi. Ƙasar da ta fi mu arziki nesa ba kusa ba, ita ma a kan mutanen gari ta dogara, sai dai ta ba su horo da kaya da mutunci. Mu kuwa namu, in sun gama nutso na kwana uku, abin da suke samu shi ne a ambace su a rahoto da “masu ninƙaya na yankin”, wani lokaci ko kuɗin man da suka ƙona ba a mayar musu.

Mu ma mutanen bakin ruwa muna da namu laifin, kuma ba zan rufe shi ba. Matuƙin da ke loda mutum ɗari da babura da buhunan hatsi a jirgin da ya tsufa ya san abin da yake yi, fasinjan da ya ga ruwa ya kusa kai bakin katako ya shiga duk da haka, shi ma ya sani. Sannan akwai jinkirin cikin gida. Mace na naƙuda tun safe, a ce a jira maigida ya dawo daga su kafin a yanke shawara, ko a ce a ƙara gwada rubutu da jiƙo, sai rana ta faɗi a fara neman jirgi. Yawancin tafiyar daren da na gani, da ta rana ce in an tashi da wuri. Magidanci ya bar izini tun cikin ya tsufa, ya faɗa a gaban mahaifiyarsa da ungozoma. Wadda aka ce cikinta na da haɗari a awo, ko ƙaramar yarinya mai cikin fari, ko wadda ta taɓa zubar jini, ta ƙetaro tudu tun watan haihuwa ya kama. Ai da ma muna da al'adar goyon ciki, ba baƙon abu ba ne mace ta bar ɗakinta ta je haihuwa wani wuri. Abin da ake buƙata ɗaki biyu ne kusa da asibiti ga wadda ba ta da dangi a gari. Limamai su faɗi wannan a huɗuba, domin maganarsu ta fi tawa shiga.

Za a saci man? Za a saci wani, ba na musu. Amma jarkar da ke ɗakin sarkin ruwa, wadda duk gari ya san ta matansu da 'ya'yansu ce, ta fi wuyar sata a kan kwangilar da aka rattaba wa hannu a ofis ba wanda ya gani. In ta yi ƙasa ba a kai kowa asibiti ba, kafin azahar kowa ya ji.

Kirana ga shugabannin ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga a Kebbi, da Agwara da Borgu a Neja, tare da masarautun Yauri da Borgu: ku zauna wuri ɗaya da NIWA da HYPPADEC da hukumomin lafiya na jihohin biyu, ku kira sarakunan ruwa da ungozomomi su zauna a kujera, ba a tabarmar baya ba. Ku fara da gungaye goma, ku rubuta sunayen matuƙa, ku cika jarkoki, ku sa kuɗin a kasafin baɗi da sunansa. 'Yan majalisarmu da ke raba babura da kekunan ɗinki su ma su sa hannu. A yi wannan kafin ruwan damina mai zuwa ya sauka.